Tsohuwar Mota Ma Tana Da Haƙora: A San Shekarar Bodi Kafin A Ɗauki Guduma

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kara sayen ragon Layya ya san cewa maganar dillali ba ta isa hujja a kan shekarun dabba. Bakin ragon ake buɗewa a duba. Rago yana da haƙoran gaba guda takwas a muƙamuƙin ƙasa, kuma yakan zubar da na nono ya maye su da manya bibbiyu-bibbiyu: biyun farko tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, sauran kuma suna biyowa har bakin ya cika a wajen shekara huɗu. Wannan ɗan binciken da Bahaushe yake yi a tsaye cikin ƙurar kasuwa kimiyya ce cikakkiya, domin ya dogara ne a kan sauyin da ke zuwa bi da bi, wanda ba ya tsallake, ba ya kuma komawa baya.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu cewa tsohuwar mota ma tana da irin waɗannan haƙora a jikinta, wato tagogi da fitilu da marikin ƙofa da bamba. Ra'ayina shi ne, duk mai son maido da tsohuwar Fijo ko Boksuwaja yadda take tun asali, wajibi ne ya fara tantance shekarar bodinta kafin fanalbita ya ɗauki guduma. Sa'annan kuma dole ne ya yi wannan tantancewa da ma'aunin motocin da aka harhaɗa a Kaduna da Legas, domin jadawalin Turai kaɗai zai ɓatar da shi. Idan muka yi sakaci da wannan, nan ba da jimawa ba za mu wayi gari da motoci masu ƙyallin fenti waɗanda babu masana'antar da ta taɓa ƙera irinsu.

Darasi daga duwatsun kwarin Rima

Wanda ya tsaya a Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, yana tsaye ne a kan ƙasar da masana suke kira shimfiɗar Gwandu. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa, idan aka nufi wajen Sakkwato, akwai ta Kalambaina wadda ake haƙar dutsen siminti daga cikinta, da kuma ta Dange. A cikin waɗannan biyun akan sami ƙwanson halittun teku da ƙasusuwan kifaye da na kada, domin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya malale wannan yanki. To, yaya aka san wace shimfiɗa ce ta girmi wata?

A shekarar 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Nicolas Steno ya bayyana ƙa'ida ta farko: idan ba a hargitsa ƙasa ba, abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Bayansa, William Smith na Ingila, wanda ya fitar da taswirar duwatsun ƙasarsa a 1815, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin ragowar halittun da suka keɓanta da ita, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga wuri zuwa wuri. Da wannan ne ake iya cewa wancan ya riga wannan, ko da ba a san adadin shekarun ba. Sanin adadin shekaru kuwa wani mataki ne daban, wanda ke bukatar awo ko rubutacciyar shaida.

Haka lamarin yake ga mota. Siffar tagogi da fitilu tana gaya mana wace ta riga wace. Lambar shasi da takardun masana'anta kuma su ne ke ba mu shekara takamaimai. Mai gyara na ƙwarai yana haɗa biyun ne, ya ga ko sun yarda da juna.

Boksuwaja: jerin da ya fi kowane fitowa fili

Babu motar da ta fi dacewa da koyon wannan darasi kamar Volkswagen Beetle, wadda muke kira Boksuwaja ko Bitil, Yarbawa kuma suke ce mata ijapa, wato kunkuru. An ƙera fiye da miliyan 21 nata kafin a rufe aikinta a garin Puebla na ƙasar Meziko a watan Yulin 2003. Ga wanda bai lura ba, duk Bitil ɗaya ce. Amma kama da wane ba ta wane.

Ga jerin sauyin da aka yi wa ƙirar Jamus. Har zuwa watan Maris na 1953 gilashin bayanta a rabe yake gida biyu. Daga nan aka cire sandar tsakiya ya zama guda ɗaya mai siffar ƙwai. A watan Agustan 1957 aka faɗaɗa shi ya koma kusan mai kusurwa huɗu. A 1964 aka ƙara girman tagogin motar gaba ɗaya, aka sirantar da ginshiƙan da ke tsakaninsu. A 1967 fitilun gaba da a da suke a kishingiɗe a kan madigadi suka miƙe tsaye, aka kuma fito da bakin tankin mai zuwa gefen bodi, alhali a da sai an buɗe murfin gaba ake zuba mai. A 1972 aka fito da samfurin 1303 mai gilashin gaba a lanƙwashe da manyan fitilun baya zagayayyu. Wanda ya haddace waɗannan matakai shida zai iya kintata zamanin Bitil ta Jamus daga nesa, kamar yadda makiyayi yake kintata shekarun sa.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin Volkswagen na Nijeriya da ya fara aiki a Legas a 1975 ya riƙa harhaɗa Bitil ne daga sassan da ake kawowa daga ƙasar Burazil. Ita kuwa masana'antar Burazil ba ta bi Jamus a kan faɗaɗa tagogin gefe na 1964 ba. Ta ci gaba da tsohon bodi mai ƙananan tagogi. Saboda haka mutum zai iya ganin Bitil da aka harhaɗa a Legas a ƙarshen shekarun 1970, ya duba jadawalin Jamus, ya rantse cewa ta girmi 1964. Ya yi kuskuren fiye da shekara goma ke nan, kuma idan ya yi odar ƙofa ko gilashin da Jamus ta ƙera a shekarar da ke kan takardar motar, ba za su zauna ba.

Masu nazarin halittu sun san irin wannan tarko. Shekarun kifi, alal misali giwan ruwa da ake alfahari da kamawa a bikin Argungu, ana iya ƙirga su daga zobban da ke jikin ɓawonsa ko wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa. A ƙasashen sanyi, hunturu ne ke tsayar da girman kifi ya bar zobe. A kogunanmu kuwa, cikar ruwa da janyewarsa ne suke tafiyar da girman kifi. Wanda ya ɗauko littafin kifin Turai ya ɗora a kan kifin Rima ba tare da la'akari da damina da rani ba, ƙirgensa zai karkace. Ƙa'idar ɗaya ce, amma kowane muhalli da nasa ma'aunin.

Fijo ta Kaduna

A ƙasar Hausa dai Fijo ce sarauniya. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, kuma a-kori-kurarsa ta yi wa manoma da 'yan kasuwar ƙauye hidimar da ba za a manta ba. Ita kuwa 504 an ƙaddamar da ita a birnin Faris a 1968, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, kuma a wannan shekarar ce masana'antar PAN ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da Fijo motar manyan jami'anta, don rage facaka. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, Fijo ce motar ofis a ko'ina cikin ƙasar nan, kuma duk wanda ya san harabar sakatariyar jiha da ke Gwadangaji a shekarun farko zai tuna da ita.

Ita ma 504 tana da nata jerin. Na farkon suna da injin 1796, sai aka ƙara shi zuwa 1971 a shekarar 1970, kuma sandar giyarsu a jikin sitiyari take kafin daga baya ta sauko ƙasa. Marikin ƙofar na farkon a waje yake, mai maɓallin dannawa. A tsakiyar shekarun 1970 aka mai da shi shafaffe, ya nutse cikin ƙofar. Wannan sauyi ya shafi ƙarfen ƙofar kansa, domin gurbin da aka huda wa kowannensu daban ne. Wagon kuma, wadda direbobin tasha suka fi so saboda layin kujerunta uku, ta fi salun tsawo: tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.90 ce, ta salun kuwa 2.74, ga rufinta ya ɗaga ta baya. Don haka daga tsakiyar motar zuwa baya, sassan bodin biyun ba sa musanyuwa.

Babban abin lura shi ne, Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har fiye da shekara ashirin bayan haka. Kenya da Ajantina su ma sun ci gaba da tasu, kowace da irin kwaskwarimarta. Littattafan masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai galibi suna tsayawa ne a inda ƙirar Faransa ta tsaya. Ke nan rabin rayuwar wannan mota a ƙasarmu aka yi shi, kuma mu ne ya kamata mu rubuta tarihinsa. Ga shi kuma a titunanmu 'yar Kaduna ta cakuɗu da 'yar Kwatano da aka shigo da ita ta hannu, kowace ta ari ƙofar 'yar uwarta a garejin kanikawa.

Shaidu ba darajarsu ɗaya ba

A fannin rarrabe halittu, ba a yanke hukunci da siffa guda. Launin gashi ko girman jiki suna saurin sauyawa, tsarin ƙashi da haƙora kuwa sun fi tabbata. Mai binciken mota ma ya kamata ya jera shaidunsa bisa ƙarfinsu.

Mafi rauni su ne sassan da ake kwancewa da sifana: bamba, fitilu, bonet, murfin but, ƙofofi, da madigadin Bitil waɗanda da noti aka ɗaure su. Duk motar da ta yi shekara talatin a hanyar Argungu zuwa Sakkwato da wuya a ce ba a taɓa sauya mata ɗaya daga cikinsu ba. Irin wannan sashe yana iya ba da labarin ranar gyara ne kawai.

Masu ƙarfi su ne sassan da aka yi wa walda tun a masana'anta: rufi, ginshiƙai, gurbin gilashi, da bangon da ke tsakanin inji da direba. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce, a jere, tazararta daidai. Ta fanalbita kuwa, wadda ake yi da wutar gas, doguwa ce mai kumburi, kuma takan bar ƙuna a bayan ƙarfen. Maganaɗisu ƙarami ya isa ya tona asirin fila, domin ba ya kama inda aka cika ta da kauri.

Fenti kuma shi ne shimfiɗar Steno a kan ƙarfe. A ƙarƙashin robar ƙofa, ko cikin but, ko bayan dashbod, inda mai fenti ba ya wahalar da kansa, nan launin asali yake ɓuya. Idan aka kankare ɗan wuri a hankali, za a ga launuka a jere, na ƙasa shi ne na masana'anta. Ƙofar da jerin launukanta ya saɓa wa na rufi baƙuwa ce, ko da yanzu launinsu ɗaya.

Daga ƙarshe sai lambar shasi. A Bitil tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan ƙashin bayan faifan ƙasa. A ƙirar Jamus, daga Agustan 1964, lamba ta uku tana nuna shekarar samfuri, kuma shekarar samfuri a watan Agusta take farawa, ba Janairu ba. Amma ko ita lambar ba a karɓarta ido rufe, domin bodin Bitil da noti aka ɗaure shi a kan faifan, ana iya ɗaga na wata a ɗora wa wata. Sai lamba ta yarda da waldar asali, waldar ta yarda da fenti, sa'annan a ce an san shekarar mota.

Kan wani a jikin wani

Wani zai ce, to in ƙofar 1980 ta zauna a jikin motar 1972, mene ne laifi? Tarihin kimiyya yana da amsa. A 1912 aka sanar da gano wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, aka ce na wani tsohon jinsin mutum ne. Sai a 1953 bincike ya tabbatar da cewa ƙoƙon na mutum ne, muƙamuƙin kuma na wani goggon biri ne da ake kira orangutan, an goge haƙoransa an rina shi. Shekara arba'in wannan haɗin gambiza yana ɓatar da masana. Haka kuma a gidan tarihi na Carnegie da ke Amurka, ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar da ta shuɗe mai suna Apatosaurus ya daɗe a tsaye da kan wata dabba daban, sai a 1979 aka sauya masa da nasa. Na farko zamba ce, na biyu kuskure ne, amma illarsu ɗaya: duk wanda ya zo daga baya ya ɗauki abin da ya gani a matsayin gaskiya, ya kuma gina a kansa.

Motar da aka haɗa ta da sassan zamani uku, aka fesa mata fenti ɗaya, aka ce ita ce asali, ita ma haka take. Yaron da ya gan ta a wajen biki zai ɗauka haka Kaduna ta ƙera ta. Mai gyara na gaba zai kwaikwaye ta. Wanda ya saya da tsada kuma an cuce shi.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Direban da wagon ɗinsa ce abincin iyalinsa ba ruwansa da ko marikin ƙofa na wace shekara ne. Bukatarsa ƙofar ta rufu. Hasali ma, basirar kanikawanmu ta haɗa wannan da wancan ita ce ta raya waɗannan motoci har suka kai yau. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Gyara don aiki daban, maido da asali daban, kuma kowanne halas ne. Abin da nake ƙi shi ne a yi na farko a sayar da shi da sunan na biyu.

Wasu kuma za su ce talauci da rashin tsaro sun fi wannan muhimmanci. Gaskiya ne. Sai dai aikin da nake kira a yi bai wuce na takarda da alƙalami da kyamarar waya ba, kuma lokacinsa yana ƙurewa. Busasshiyar iskar Arewa ta yi mana rana, domin tsatsa tana bukatar danshi, ga shi ba ma zuba gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara. Shi ya sa bodin da ya ruɓe a can yake nan da ƙwarinsa a nan. Amma abin da tsatsa ta bari, 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli su kai a narke. Ƙarfen da aka narkar kuwa ba ya sake ba da shaida.

Ya kamata a kuma tuna cewa ba kowane tabo ake shafewa ba. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Da wani ya cike su da fila ya fesa fenti, da ya lalata ta. Ƙungiyar FIVA ta masu adana tsofaffin motoci ta duniya, wadda take ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, kuma jigonta shi ne a kiyaye abin da ke na asali, a mutunta sauyin da mota ta samu a zamanin aikinta, a kuma rubuta duk abin da aka taɓa.

Kammalawa

Idan masanin halittu ya gano sabon jinsi, yakan ajiye samfuri guda a gidan adana, wanda duk mai shakka zai koma ya duba. Kamfanin Peugeot yana da irin wannan gida a Sochaux, Volkswagen kuma a Wolfsburg. Motocin Kaduna da Legas su ma suna bukatar nasu, kuma shawarwarina uku ne.

Na farko, ɗaliban injiniya na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da na jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero su mai da wannan aikin bincikensu na ƙarshe. Su bi gareji-gareji da harabobin ma'aikatu, su rubuta lambar shasin kowace tsohuwar Fijo da Bitil, su ɗauki hoton marikin ƙofa da fitilu da bamba da dashbod, su lura da wanda ke na asali. Idan bayanan motoci ɗari biyu ko uku suka taru aka jera su bisa lamba, jerin sauyin zai bayyana da kansa, kamar yadda ya bayyana wa William Smith.

Na biyu, a zauna da tsofaffin fanalbita da kanikawa, da dillalan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, da waɗanda suka yi aiki a Kakuri, a naɗi abin da suka sani. Yawancinsu da ido kaɗai suke bambance ƙofar wannan zamani da ta wancan, kuma ilminsu a ka yake.

Na uku, gwamnatin jiha ta ware ko da mota biyu ko uku daga cikin waɗanda suka yi mata aiki tun 1991, waɗanda ba a hargitsa ba, ta ajiye su a inuwa tare da takardunsu. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ya adana makamai da kayan sarautar Kabi domin na baya su gani. Abin hawan da ya ɗauki malamai da likitoci da alƙalai zuwa ƙauyukan kwarin Rima shi ma ya cancanci rumfa.

Ga mai tsohuwar mota a gida kuwa, shawarata ita ce kada ya yi gaggawar kai ta wajen fenti. Ya wanke ta, ya ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, ya kwafi lambobinta, ya ajiye duk sashen da aka cire ko da ya lalace. Bayan ya san shekararta da inda aka harhaɗa ta, sai ya kira fanalbita.